Tunau Ya Ƙi Sakin Kyamara

A Tudun Kanya akwai wani mutum wai shi Tunau, da matarsa Ladiyo, da akuya ɗaya wadda maƙwabta ke rantsuwa ta fi shi wayo. Tunau ba mugu ba ne, abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Wansa Sama'ila, mai shagon hoto a birni, ya gaji da ciyar da shi, sai ya ba shi tsohuwar kyamara ya gwada sa'a a bukukuwan ƙauye, da sharaɗin in ƙorafi ya yi yawa zai karɓe abarsa. Tunau ya rataya ta a wuya, ya ce mai son cire ta sai dai ya haɗa da kansa.

Wata rana aka kira shi ɗaurin aure. Sama'ila ya ja masa kunne kada ya danna sai dangi duka sun shiga. Aka jeru a rana, ango na ta zufa cikin babbar riga, Tunau ya tambaya ko kowa na nan. Aka ce saura kawun ango, yana Legas. Gogan naka ya sauke kyamara, ya nemi inuwa ya zauna. Aka yi lallashi, aka yi zagi, ya ce shi ba ya aikin ha'inci, a jira kawu. Haka taro ya watse ba hoto.

Wata rana kuma, bayan Sama'ila ya wanke shi tas ya ce duk wanda ya gani ya ɗauka kawai, aka sake gayyatarsa biki. Ya ɗauki abokin ango yana cusa nama a aljihu. Ya ɗauki gwaggon amarya tana gyangyaɗi baki buɗe. Kafin amarya ta fito batir ya mutu. Ladiyo ta ji kunya ƙwarai, ta roƙe shi ya koma gona tun da sauran mutunci.

"Ni mai hoto ne, ko sun so ko sun ƙi," in ji Tunau.

Wata rana Malam Jatau mai gyaran keke ya auri wata bazawara, Baba Indo, dukansu furfura ta fito. Sama'ila ya ce wannan ne gwajin ƙarshe: ya bi ango da amarya duk inda suka sa ƙafa, kada ya kula kowa. Biki ya tashi, Tunau bai tashi ba, don ba wanda ya ce ya daina. Suka tafi gona, yana biye. Ranar kasuwa, yana biye. Malam Jatau ya kore shi har ya gaji, daga ƙarshe ya aika birni a zo a raba shi da wannan masifa.

Sama'ila ya iso a fusace, ya tarar da Tunau da ango da amarya a ƙofar gida, ya miƙa hannu. Tunau ya ƙanƙame kyamara.

"Yaya, cewa ka yi in bi su. Aikin bai ƙare ba."

Cikin kokawar ƙwace ta, hotuna suka bayyana a bayan kyamarar, Baba Indo ta leƙa. Ga ta a bayan keke tana ƙyaƙyata dariya. Ga Malam Jatau durƙushe a kan kunyar gona yana cire mata ƙaya a ƙafa. Ta daɗe tana kallo, idonta ya cika da hawaye, ta ce duk tsawon rayuwarta ba ta san haka fuskarta take ba in tana farin ciki. Sai ta kama hannun Sama'ila ta ture.

"Ɗan nan, duk wanda ya taɓa kyamarar nan, ni da shi ne."

Aka wanko hoton keken, ta rataye shi a zaure. Tun daga nan duk masu shirin aure a yankin Tunau suke nema. Sun dai koyi abu ɗaya: tun kafin ya fara, sai sun faɗa masa ranar da zai daina.