Yadda Marowaci Zai Gano Mabuɗin Waifai da Ya Ɓoye wa Kansa

Da sunan Allah, wanda ba Ya mantuwa. Bayan haka, ya kai wanda ya sayo akwatin waifai daga Gusau, ya ga samarin unguwa suna zama a dakalinsa suna ɗibar intanet, ya sauya kalmar sirri don ya kore su, sannan wayarsa da ta haddace ta ta faɗa rijiya, ga magani tabbatacce. Ban ambaci sunan kowa ba, ko da kuwa maƙwabcina Arzika ne.

Na san halin da kake ciki. Yau Juma'a, ƙanenka Nababa zai kira daga Jidda bayan an sauko daga masallaci, Inna kuwa ta sha kwalli tun da hantsi don ta ga fuskar ɗanta bayan shekara huɗu. Bi matakan nan, na lamunce maka.

1. Ka nemi mai laifi
Kada ka yi saurin zargin kanka, domin gaggawa daga Shaiɗan take. Ka zargi masu wutar lantarki, ka zargi hadarin da ya taso daga Bukkuyum. Ka ɗaga akwatin sama kana juyawa kamar mai neman jinjirin wata.

2. Ka gwada cinke
Ka buga sunanka, ka buga na kakanka. Sai ka tuna cewa ka zaɓi haruffa goma sha biyu marasa kan gado don kada ɗan Adam ya iya cinkarsu. Ka yi hamdala, burinka ya cika, kai ma ɗan Adam ne.

3. Ka bi sawun takarda
Ai ka rubuta ta, ka ninke sau bakwai, ka cusa a rufin zaure. Idan ka laluba ba ka samu ba, ka durƙusa gaban Inna.
"Wagga 'yar takarda mai baƙin rubutu?" in ji ta. "Ai laya ta. Na ba baduku ya ɗunke, na rataya ma rago saboda bakin mutane."
"Wane rago, Inna?"
"Wanda kas saida kasuwar Gummi. Ba ka ga da wuri yas sayu ba?"
Na sha faɗa a wurin karatu cewa ba kowane rubutu ne ke da albarka ba, amma wa ke saurare?

4. Ka toshe kunne ga matarka
Maiturare za ta ce, "Maigida, in soka ma akwatin tsinke ga ɗan ramin ga na baya?"
Ka ɗaure fuska ka ce, "Mi kis sani ga na'ura? Tahi ki ji da tukunya."
Daga nan ka tafi masallaci. Liman yana huɗuba a kan haƙƙin maƙwabci, kai kana tunanin ko ragon ya kai Anka.

5. Ka dawo ka ga ikon Allah
Za ka tarar da Inna riƙe da wayar Maiturare tana dariya tana hawaye, tana cewa, "Nababa, ka rame!" Maiturare ta karyi tsinken tsintsiya ta soka, akwatin ya koma kan kalmarsa ta asali, wadda ke rubuce a gindinsa tun daga shago. Kalmar nan kuwa duk unguwa sun haddace ta. Saboda haka dakalinka ya cika maƙil, kowa ya duƙufa kan wayarsa.
"Sannu da dawowa, Baba Arzika! Allah shi ƙara buɗi!"
Ka amsa da amin. Ba ka da wata mafita, Inna tana jin ka.

Togaciya
Ni Malam Sa'idu na nan Gummi na barranta daga duk abin da ya biyo baya. Idan zuciya ta raya maka ka sake sauya kalmar, wannan tsakaninka da Mahaliccinka ne. Sai dai ka sani, Inna ta riga ta sayi tunkiya, baduku kuma yana nan da ransa.