Rasuwar Ƴar Baƙa, Alƙaliyar Wasanmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, ni Tasalla mai kayan miya ta unguwar Zariya nake sanar da ƴan uwa da abokan arziki rasuwar salulata, Ƴar Baƙa. Labarin ya iske ni ran Litinin ina tsinkar zogale. Idirisa mai gyara ne ya aiko da gawarta cikin leda.

Marigayiya ba ta taɓa raina ni don ban yi karatu ba. In na danna na yi magana, sai ta ce ƙit, ta shiga intanet ta nemo. Ita ce alƙaliyar wasanmu, ni da ƙawata Abigail mai kawo gero daga Tsibiri. Ɗaya ta jefa kalma, kowace ta canki hoton da zai fara fitowa, wadda ta kasa ta sayi ƙosai. Ranar da muka ce mata tuwo, ta kawo shi bisa faranti da cokali mai yatsu, muka yi dariya har masu saye suka wuce. Ni ke ciyar da ita, amma ba ta taɓa goya mini baya a kan ƙarya ba.

Ciwon ajali ya soma lokacin da aka rufe iyaka, kuran, wato wutar lantarki, ya zama baƙo a gari. Batirinta ya kumbura, Idirisa ya ce a bar ta ta huta. To amma Abigail ta daɗe tana cinye ni, ran nan kuma ta jefa sunan garin Jiratawa. Ta ce albasa za ta fito, na ce zogale, ni da aka haifa can. Kafin hoto ya buɗe, Ƴar Baƙa ta yi kukanta na yunwa, tit-tit, ta rufe ido.

Na taɓa jin cewa rana na ƙara wa batir ƙarfi. Da Abigail ta tafi, na ɗora ta bisa rufin kwano da azahar, na shiga ciniki na manta.

Na ce miki tsufa ne ya kashe ta, Abigail Maman Ƙauna. Ba tsufa ba ne. Ni na gasa ta, don in ci ƙosanki. Tun daga ranar sai ki sauke gero, mu gaisa a tsaye, ki wuce.

Ta rasu ta bar caja mai ɗaurin zare, da rigar roba, da tambaya ɗaya ba amsa.

Za a yi mata sutura ran Jumma'a bayan la'asar, a sa ta cikin kwanon samira ƙarƙashin gado. Zaman makoki a bakin teburina. Ƙosai ni zan saya, na yarda albasa ce. Ki zo ki zauna, Abigail. Har yau kowace safiya sai na zaɓi kalma ɗaya na riƙe. Sun taru, kuma ba ni da wadda zan jefa wa sai ke.