Waƙar da Na Ɗauko Daga Ƙololuwa

Ba zan taɓa mantawa da ranar bikin yaye ajinmu na yaƙi da jahilci a Ba'awa ba. Ni aka zaɓa in ja waƙar aji, sauran su yi amshi. Dama mutanen gari suna yi mana dariya, wai masu furfura sun koma firamare, shi ya sa muka ƙudura ranar sai mun fita kunya.

Akwai wani baiti mai hawa sama, duk sanda na zo wurin sai muryata ta maƙale. Malaminmu, Sabi'u, yaron da na kusa haifa, ya ce, "Baba, murya ma kamar babur ce, sai an ɗumama ta. Ka rufe baki ka yi 'mmm', ka karkaɗa leɓe, ka taso daga ƙasa a hankali. Za ka ga ta kai inda ba ta saba kaiwa ba."

A gona na riƙa yi (a gida maiɗakina ta fara tambaya ko a kira mai ruƙiyya). Kuma dabarar ta yi aiki, murya ta saki.

Ranar biki na ɓuya bayan aji na ɗumama ta sosai. Da na fito sai na ga dagaci a zaune, ga 'ya'yana a gaba. Cikin ruɗewa na ɗauko waƙar daga can ƙololuwa, inda ya kamata in ƙare.

Na manta 'yan amshina ba abin da suka ɗumama sai cikinsu da koko. Dattawan nan suka miƙe wuya suka biyo ni. Abin da ya fito, kai ka ce ƙyaure ne ya yi tsatsa. Jauro, Bafulatanin da ke tsaye gefena, ya ja mini riga.

"Sauko mana, malam," ya ce, "mu ba mu zo da tsani ba."

Ina zan sauka? Baitin mai hawa na gabana. Na yunƙura, baki a buɗe, ba abin da ya fito sai iska. Dagaci ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa na rawa.

Takardar shaida dai an ba mu. Amma na koyi abu guda: in za ka ja waƙa, ka tara 'yan amshi ku ɗumama murya tare, sannan ka fara daga inda mafi tsufanku zai iya kaiwa.