Injiniyan Tukunya

Ko zan manta da komai na ƙuruciyata, ba zan taɓa mantawa da mako ukun da muka yi a tashar jiragen ruwa ta Jidda ba, can cikin shekarun sittin.

Ni ne mai girki a wani sambuk, irin jirgin katakon nan mai tafiya da iska, da ɗan inji a cikinsa. Gawayi muka ɗauko daga Bur Sudan, injin ya mutu a hanya, iska ce ta ƙarasa da mu. Aka sauke kaya, muka zauna jiran gyara. A jirgin muke kwana, mu yi wanka da ruwan gishiri, na sha kuwa da gwangwani ake auna mana. Masu gyara biyu sun zo sun yi ta ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashe, sun tafi.

Ni ko a jikina, don ban yi niyyar komawa da jirgin ba. Ina da kawu a unguwar Balad, cikin Jidda, Kawu Idi, yayan mahaifiyata, wanda ban taɓa gani ba. In ya tsaya mini kafili, wato mai lamuni, na samu iƙama, takardar zama a ƙasar, ni da teku sai hange.

Ranar Juma'a na samu izinin sauka, na lalubo gidansa. Dattijo ne marar yawan magana. Ya zuba mini shayi, ya ce, "Wane aiki kake a jirgin, ya waladi, ɗana?"

Sai na ji kunyar in ce girki. Bakina ya ce, "Ni ne mai inji, Kawu." (Wallahi ban san lokacin da ta fito ba.) Da na ga bai musa ba, sai na ƙara gishiri. Na ba shi labarin yadda nake gane ciwon inji daga ƙararsa, da yadda masu gyaran Jidda ba su san komai ba. Ya ce, "Tayyib," wato to madalla. Tun daga la'asar har magariba ina zuba, ban ko tambayi bawan Allah sana'arsa ba.

Bayan kwana biyu nahoda, wato shugaban jirginmu, ya ce ya samo babban usta, gwanin gyaran inji, wanda duk tashar ke ji da shi. Ina tsugune gindin murhu, daga ni sai zane a ƙugu, ina juya adas, ɗan waken nan na Larabawa, na ji an yi sallama. Na ɗago da ludayi a hannu. Kawu Idi ne, riƙe da akwatin kayan aiki.

Bai nuna mamaki ba. Cewa ya yi, "Yalla, mai inji, zo nuna mini inda ke ciwo."

Da na yi shiru ma da sauƙi. Amma ina! Na bi shi ramin injin, ma'aikata duk sun leƙo, na ɗora hannu a kan wani ƙarfe mai mariƙi, na ce, "Nan ne, Kawu."

"Wannan famfon kwashe ruwa ne," in ji shi. "Injin yana bayanka."

Dariyar da aka yi har masunta a kwalekwale sai da suka waiwayo. Na so katakon ya tsage in wuce ƙasan teku.

Kafin la'asar injin ya tashi. Na kawo abinci kaina a sunkuye. Kawu ya ci, ya ƙara, ya suɗe hannu, sannan ya dube ni.

"Da wannan girkin ka faɗa mini, da yau a gari za ka kwana. Maƙwabcina mai gidan abinci ya daɗe yana neman mai hannu irin naka. Amma kafili da sunansa yake tsaya wa mutum, ni kuwa ba na ɗora nawa a kan ƙarya. Halas, magana ta ƙare. Ka gaida uwarka."

Washegari muka ɗaga, injin na tafiya lafiya lau, ina yanka albasa ina hawaye, rabi na albasar, rabi nawa.

Tun daga ranar, in na je gaban babba, sai na tambayi sana'arsa kafin in buɗe baki. In kuma aka tambayi tawa, da ƙarfi nake cewa girki.