Ranar da Na Tuɓe Riga a Zauren Fada

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so in manta, da hutun da ya haɗe da ƙarshen mako ya ba mu kwana huɗu a gida. Ni mahauci ne a Garwa, aji huɗu na yi a boko na gudu. Shekara ashirin da wani abu ina gaya wa 'ya'yana cewa kakansu Galadima ne a wata tsohuwar fadar Lamiɗo. (Ba zan faɗi garin ba, duk ɗan Garwa ya san katangar lakar nan.) Gaskiyar magana, ubana Barka bawan gidan ne, shi ke share zaure. Ina ɗan shekara goma sha biyu na bar garin, ban sake waiwaya ba.

'Yata Dija tana da manemi, Hamadu, malamin lise, wato sakandare, Bafulatani. Yaron kirki ne, amma danginsa ko akuya za su saya sai sun tambayi asalinta. Saura a kawo goro. Shi ne ya zo ya same ni a unguwarmu Pumpumre da fara'arsa.

"Baba, na ari mota. Mu je Dija ta ga gidan kakanta."

Da ina da hankali, da na ce zazzaɓi nake yi. Sai na sa babbar rigata ta sallah na hakimce a gaban mota, ina cewa a raina duk wanda ya san ni ya daɗe a ƙasa.

Muka isa. A ƙofar farko kowa ya cire takalmi, wannan dokar kowane baƙo ce. Sai muka shiga zaure na biyu, mai duhu da sanyi da warin hayaƙi. Wallahi ban san lokacin da abin ya faru ba. A gidan nan, a zamaninmu, bayi ba sa wuce wannan zauren da riga a jiki. Tuɓewa suke yi su ɗaura a ƙugu, su sunkuya. Na farga ne kawai na gan ni a durƙushe, tumbi a waje, rigar sallah a ƙugu kamar zan shiga mayanka. Babu wanda ya ce in yi. Har wasu Turawa biyu suna nan tsaye da rigunansu.

Wani tsohon mai gadi ya matso yana leƙa fuskata, sai ya tafa hannu.

"La'ilaha! Ɗan Barka! Kai ne ka yi wannan ƙibar? Allah ya jiƙan ubanka, tun da ya rasu zauren nan bai ga shara mai kyau ba."

Da murna ya faɗa, bawan Allah, har da ƙwalla. Ya rungume ni, ni kuwa ina neman ramin da zan shige.

Hamadu ya juya yana duban rufin zauren kamar shi ya gina shi. Dija ce ta kwance rigar daga ƙuguna, ta kakkaɓe, ta miƙo mini.

"Baba, saka. Akwai sanyi."

Muka dawo gida. Hamadu bai iya ƙarya ba (ba irina ba ne), da uwarsa ta tambaye shi ya faɗa mata. Wata takwas ke nan, kullum sai a ce kawunsa ya tafi Banyo, wai sai ya dawo za a yi maganar auren.

Dija ba ta taɓa yi mini ihu ba, da ma ta yi. Sau ɗaya kawai ta ce, tana tsince shinkafa, ko dubana ba ta yi ba:

"Baba, mai shara ma kaka ne. Da ka gaya mini, da na san sunan da zan riƙa sa wa a addu'a."

Abin da na koya, kuma 'yata ce ta biya kuɗin karatun ba ni ba: baki yana iya riƙe ƙarya har tsufa, amma gwiwa ba a haɗa baki da ita.