Ranar da Na Zama Malam Oba

A gidan kallon ƙwallo na unguwarmu a Tudun Wada, idan gardama ta kaure ni ake juyowa a kalla. Ni na san bugun tazara, ni na san bugun kusurwa, har benci na gaba ake bar mini.

Ran wata Asabar da la'asar, kafin a take wasa, tashar ta hasko wasu ƙarti suna kokawa a kan wata ƙwallo mai siffar ƙwai. Aka ce sunan wasan zari-ruga. Na ce ai duk na sani.

Can sai alƙali ya busa. Wani ƙato ya kafa ƙwallon, ya ja baya.

"Fanareti ce," na sanar. "Ku lura, ƙasa zai kwantar da ita."

Ya ɗauke ta da ƙafa, ta bi ta saman ƙarfen gola, can sama. Na miƙe tsaye har hulata ta faɗi.

"Oba! Wallahi ya ɓarar! Ko raga babu, amma ya yi oba!"

Sai na ga 'yan kallon cikin talabijin suna tsalle, an ƙara maki uku.

Ardo Buba, wani dattijo makiyayi daga Falgore da ba ya rabuwa da rediyo, ya ce a hankali, "Malam, ai a wannan wasan obar ita ce ci."

Benci uku suka kife da dariya.

Yau ko a kasuwa Malam Oba ake kira na. Jiya na wurga wa uwargidana makulli, ya tsallake katanga ya faɗa gidan maƙwabta. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Sannu, maigida," ta ce. "Maki uku ke nan."