Shafin da Ban Juya Ba

Ko da zan manta ranar ɗaurin aurena (Allah Ya sa uwargida ba za ta ga wannan rubutun ba), ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban kwamitin tantance ma'aikata ina ta zuba Turanci, alhali rabin magana ce a hannuna ba.

Lokacin wata uku ke nan da zaɓena sakataren ƙungiyar ma'aikata a ƙaramar hukumarmu. Ga digiri, ga jakar kwamfuta, ga sabuwar shadda da na ɗinka a kasuwar Wunti saboda muƙamin. Wallahi ina ji da kaina. Sai ga aikin tantancewa ya zo: duk wanda ba shi da shaidar cewa an tabbatar da shi a aiki, ranar Alhamis za a cire sunansa. Abin ya shafi masu sharar kasuwa su goma sha ɗaya, cikinsu har da Inna Azumi, maƙwabciyarmu a unguwar Gwallaga, wadda ta goya ni ina jariri. Saura shekara biyu ta yi ritaya, kuma marayun ɗanta uku a hannunta suke.

Ita ta tare ni a ƙofar gida. "Ɗan nan, mu ba a ba mu takarda ba. Amma majalisa ta yi zama a kanmu, a rediyo muka ji, aka ce an mai da mu 'yan dindindin. Har tuwon sadaka na yi ranar."

Na tambaye ta wace shekara ce. Ta ce shekarar da aka haifi ƙanwata Hafsatu, da damina.

"Inna, kwantar da hankalinki," na ce, har da dukan ƙirji. "Wannan ai aikin minti goma ne."

Kwana biyu ina lalube a waya da kwamfuta, ko ƙyallinsa ban gani ba. Ranar Laraba dole na hau keke napep zuwa ɗakin adana takardun majalisar dokokin jiha.

Jama'a, ban taɓa shiga wuri irin wannan ba. Kantoci ne tun daga ƙasa har rufi, maƙare da manyan kundaye, shekara na bin shekara. Na zaro ɗaya na buɗe. Ashe duk kalmar da aka furta a zauren majalisa tana nan a rubuce, wane ya miƙe, wane ya katse shi, har inda aka yi dariya sai an rubuta an yi dariya. Na ga sunayen mutanen da na san sun daɗe da rasuwa, ga su nan suna ta gardama a kan rijiyar wani ƙauye kamar yau da safe aka yi. Ban san lokacin da na rage murya ba, saura kaɗan ma in cire takalmi.

Mai kula da wurin wata dattijuwa ce, Mama Rifkatu, gilashinta rataye da zare a wuya. Ta ce, "Sannu ɗana, me kake nema?"

Na yi mata bayani, rabinsa da Turanci don ta san da wa take magana. Ba ta duba komai ba. Ido kawai ta lumshe, ta ce, "Masu shara, da damina. Zamanin Kakakin nan mai yawan tari ne." Ta nuna kanta ta uku. "Ɗauko mini wancan mai tabon ruwa a bango."

Ko minti biyar ba a yi ba ta ɗora yatsa a kan shafin. Wani ɗan majalisa ne ya kawo ƙudurin a tabbatar da masu sharar ƙananan hukumomi, kuma bawan Allahn nan ya iya magana. Ya kawo asubancinsu, ya kawo ciwon bayansu, ya kawo 'ya'yansu. Ina karantawa idona ya cika da ƙwalla. Na rufe kundin na ce a yi mini kwafin wannan shafin.

"Shafi ɗaya?" in ji ta. "Ka karanta na bayansa kuwa?"

"Mama," na ce, "mu da muka yi bincike a jami'a, da mun ga abin da muke nema mun san shi ne." (Eh, da bakina na faɗa. Har yau in na tuna sai na ji kamar in rufe fuska.)

Ba ta ja da ni ba. Ta yi kwafin, ta rubuta lambar wayarta a bayansa, ta ce, "Riƙe, ƙila ka buƙata." Ni kuwa a raina na ce so take in nema wa ɗanta aiki.

Ranar Alhamis zauren sakatariya ya cika. 'Yan kwamiti biyar a kan teburi, shugabansu wani tsohon darakta mai sanyin magana. Masu shara sun jeru a benci, kowa ya sa kayansa na Juma'a. Na miƙe na gyara hula, na karanta jawabin nan da Turanci, na dawo na fassara da Hausa, har da ɗaga yatsa sama kamar ni na yi shi. Inna Azumi ta yi kabbara. Wani ma tafi ya fara.

Shugaban ya miƙo hannu na ba shi takardar. Ya daɗe yana kallon ƙasanta, sannan ya karanta layin ƙarshe a hankali: "Mai girma Kakaki, tun da na saurari 'yan'uwana, ina neman izini in..." Ya ɗago kai. "In me, Sakatare? Nan shafin ya ƙare."

"Ranka ya daɗe, ai a fili yake. In gode musu."

"Ka tabbata?"

A nan ne fa na haƙa wa kaina rami. Maimakon in nemi lokaci, sai na juya takardar na kira lambar nan, na buɗe muryar wayar, na ajiye ta dab da lasifika don kowa ya shaida.

"Mama, ni ne na jiya. Don Allah buɗe shafi na gaba ki karanta wa manya."

"Ba sai na buɗe ba, ɗana," in ji ta, muryarta ta cika zauren. "In janye ƙudurin. Ya janye shi ranar, aka tashi."

Innalillahi! Zufa ta keto mini har cikin hula. Wanda ya fara tafi ya sa hannunsa a aljihu. Na saci kallon Inna Azumi, ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na kawo su gaban hukuma da bakina na tabbatar ba su da hujja.

Sai wayar ta sake magana. "Kana ji na? Wanda ka ɗauka kundin abin da aka faɗa ne. Abin da aka yanke kundinsa daban. Ya janye ne don kwamiti ya fara bincike, bayan hutu suka kawo rahoto aka amince. Tun jiya na ciro shi na sa maka alama. Har jerin sunaye yana ciki, Azumi ma biyu ne."

Shugaban ya matso da bakinsa kusa da wayar. "Baiwar Allah, yaya aka yi kika san duk wannan?"

"Ranka ya daɗe, ni na rubuta zaman da hannuna. Duka biyun."

Ya ba ni zuwa la'asar. Ban tsaya neman keke ba, acaɓa na haye, shaddar nan tana ta kaɗawa a iska. Na tarar da kundin a buɗe a teburinta. Ta jawo durowa ta fiddo wani tsohon littafi, cike da rubutun gaggawa mai kama da sawun kaji a rairayi. Ta bi shi da yatsa tana karantawa, ni ina bin kundin da ido, ko kalma ɗaya ba ta kauce ba. Ban san lokacin da na durƙusa ba.

"Tashi, ɗana," ta ce. "Wannan karon ka karanta har inda Kakaki ya buga guduma."

Na karanta, na ƙara da shafi biyu don tsoro. Kafin la'asar duka goma sha ɗayan sun tsira da aikinsu. Washegari Inna Azumi ta soya masar shinkafa kwano guda ta kai wa Mama Rifkatu da kanta. Ni ko ɗaya ba ta ɗanɗana mini ba, kuma ban ga laifinta ba.

Tun daga ranar, ko katin biki aka miƙo mini sai na juya bayansa kafin in ce Allah Ya sanya alheri. Inna Azumi ta yi ritayarta bara cikin mutunci. Amma har gobe, in ta hango ni da takarda a hannu, ko a gaban wa nake, sai ta ɗaga murya daga ƙofar gidanta: "Sakatare, ka juya kuwa?"